Karkatar Allurar Kamfas: Yadda Ake Gano Ta a Wani Wuri da Wani Lokaci

A ranar 17 ga Disamba 2024, hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, wato NOAA, da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, wato BGS, suka fitar da sabon tsarin lissafin maganaɗisun duniya mai suna WMM2025. Labarin ya bazu da kanun cewa arewa ta sauya mazauni, kuma irin wannan kanun na iya sa mai karatu ya ɗauka cewa taswirar da ke hannunsa ta tashi daga aiki, ko kuma GPS ɗin wayarsa zai fara ɓatar da shi. Babu ko ɗaya da ya faru. Abin da aka sabunta shi ne lissafin da ke faɗin yawan digirin da allurar kamfas ke kauce wa arewa ta ainihi a kowane wuri a doron ƙasa, kuma ana yin wannan sabuntawa ne duk bayan shekara biyar, domin adadin ba ya tsayawa. Wanda ya ce karkatar kamfas a gari kaza digiri 3 ce, bai gama magana ba sai ya faɗi gabas ce ko yamma, a wace shekara, kuma daga ina ya samo adadin.

## Arewa ta ainihi da arewar kamfas

Arewa ta ainihi ita ce wurin da duniya ke juyawa a kansa, can ƙuryar arewa, inda dukkan layukan lonjitud suke haɗuwa. Ita taswira ke bi, ita kuma GPS ke aiki da ita. Allurar kamfas ba ta san da wannan wuri ba. Ita dai tana daidaita kanta ne da ƙarfin maganaɗisun duniya kamar yadda yake a daidai inda aka ajiye ta, kuma ɓangaren da ta nuna shi ake kira arewar kamfas. Kusurwar da ke tsakanin waɗannan arewa biyu ita ce karkatar maganaɗisu. Idan allurar ta kauce ta hannun gabas, sai a ce karkatar ta gabas ce, a rubuta ta da alamar ƙari. Idan ta kauce ta yamma, a rubuta ta da alamar ragi. Ana auna ta da digiri, kowane digiri kuma ana raba shi minti 60, wanda ba shi da alaƙa da mintin agogo.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu har cikin wasu littattafan makaranta, cewa allurar tana nuna cibiyar maganaɗisu ta arewa kai tsaye, don haka idan aka san inda cibiyar take, za a iya ja layi a taswira a gano karkatar kowane wuri. Da a ce a tsakiyar duniya akwai sandar maganaɗisu guda miƙaƙƙiya, da wannan lissafi ya yi kusa da gaskiya. Amma ƙarfin maganaɗisun duniya yana da lanƙwasa da kumburi a yankuna daban-daban, ta yadda allura a kudancin Afirka ko a tsakiyar Sibeeriya tana iya nuna wani ɓangare da ya yi nisa ƙwarai da inda cibiyar take. Shi ya sa adadin ya bambanta sosai daga wuri zuwa wuri: a Seattle da ke yammacin Amurka ya kai kimanin digiri 15 gabas, a jihar Maine da ke gabashin ƙasar kimanin digiri 15 yamma, a Cape Town ya haura digiri 20 yamma, a New Zealand kuma ya haura digiri 20 gabas. Tsakanin yankunan gabas da na yamma akwai layukan da karkatar ta zama sifiri, inda arewa biyun suke dacewa.

Masu amfani da taswirar safiyo suna da arewa ta uku, wato arewar layukan murabba'i da aka zana a kan takardar. Tun da yake ba zai yiwu a shimfiɗa duniya mai siffar ƙwallo a kan takarda ba tare da an ɗan murɗa ta ba, waɗannan layuka suna kauce wa arewa ta ainihi da digiri ɗaya zuwa uku a yawancin taswirori. A Nuwamba 2022 hukumar taswira ta Birtaniya ta sanar da cewa arewa ukun sun haɗu a ƙauyen Langton Matravers da ke kudancin Ingila, abin da bai taɓa faruwa a ƙasar ba tun da aka kafa tsarin taswirarta na yanzu.

## Dalilin da ya sa adadin ke sauyawa

Mafi yawan ƙarfin maganaɗisun duniya yana fitowa ne daga narkakken ƙarfe da ke can ƙasa, daga zurfin kilomita 2,900 zuwa abin da ya yi ƙasa. Wannan ƙarfe yana gudana saboda zafi da juyawar duniya, gudanarsa tana haifar da lantarki, lantarkin kuma yana haifar da maganaɗisu. Tun da gudanar ba ta tsayawa kuma ba ta bin hanya ɗaya, maganaɗisun da ake ji a saman ƙasa yana sauya ƙarfi da fuska a hankali, shekara bayan shekara.

Sanin cewa allura tana kaucewa ya daɗe. Masanin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya rubuta a wajen shekarar 1088 cewa allurar da aka goga da dutsen maganaɗisu ba ta nuna kudu daidai, tana ɗan karkata gabas. Abin da ya ɗauki lokaci kafin a gane shi ne cewa kaucewar kanta tana tafiya. A 1580 an auna karkatar a Landan aka samu kusan digiri 11 gabas. A 1622 aka sake aunawa aka samu kimanin digiri 6, kuma da farko an ɗora bambancin a kan kuskuren masu awon farko. Sai a 1634, da Henry Gellibrand ya auna ya samu kimanin digiri 4, aka yarda cewa maganaɗisun ne ke sauyawa. Karkatar Landan ta kai sifiri a wajen 1660, ta ci gaba da tafiya yamma har ta kai kusan digiri 24 a wajen 1820, sannan ta juyo. A Satumba 2019 allurar kamfas a Greenwich ta sake nuna arewa ta ainihi, karo na farko cikin kimanin shekara 360. A birni guda ke nan, bambancin da ke tsakanin iyakar gabas da iyakar yamma ya kai digiri 35, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa kwanan wata yake da nauyi ɗaya da sunan wuri.

Cibiyar maganaɗisu ta arewa, wato inda allura mai 'yancin lilo za ta tsaya a tsaye tana kallon ƙasa, ita ce ta fi jan hankalin 'yan jarida. James Clark Ross ya isa gare ta a 1831 a yankin Boothia na arewacin Kanada. Daga lokacin ta yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 ta nufi Sibeeriya. A mafi yawan ƙarni na 20 tana tafiyar kilomita 10 zuwa 15 a shekara, daga shekarun 1990 ta ƙara sauri har ta kai kilomita 50 zuwa 55 a shekara, sannan a 'yan shekarun nan ta rage zuwa kimanin kilomita 35. Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne cewa akwai manyan tarin ƙarfin maganaɗisu guda biyu a saman narkakken ƙarfen, ɗaya ƙarƙashin Kanada ɗaya ƙarƙashin Sibeeriya, kuma na Kanada ya miƙe ya yi rauni, sai na Sibeeriya ya rinjaya. Tafiyar cibiyar tana sauya karkata sosai a yankin Aktik, amma a ƙasashen da ke kusa da ikwaita tasirinta kaɗan ne. Abin da ke sauya adadin a can shi ne gudanar ƙarfen da ke ƙarƙashin yankin kansa. A yawancin wuraren da mutane ke zaune, sauyin shekara bai wuce minti kaɗan zuwa kashi ɗaya cikin biyar na digiri ba.

## Hanya ta farko: tsarin lissafi

Hanyar da ta fi sauƙi a yau ita ce amfani da na'urar lissafi ta intanet da hukumomi irin su NOAA da BGS da ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada suka tanada kyauta. Ana shigar da latitud da lonjitud na wurin, da kwanan watan da ake bukata, wani lokaci da tsayin wurin daga matakin teku, sai na'urar ta ba da karkatar, da yawan sauyin da take yi a shekara, da kuma gwargwadon kuskuren da za a iya samu. Tsayi ba ya sauya adadin sosai ga wanda ke ƙasa, don haka mai tafiya a kan tudu ba sai ya damu da shi ba. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne alamar lonjitud da latitud: yamma da kudu ana rubuta su da alamar ragi, kuma wanda ya manta da ita zai samu amsar wani wuri da ke can wani ɓangaren duniya, ba tare da na'urar ta gargaɗe shi ba. Haka kuma digiri 12 da minti 30 daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba.

Ya kamata a san abin da ke bayan wannan amsa, domin ba a je wurin an auna ba. Ana tattara awo daga taurarin ɗan'adam, musamman guda uku na shirin Swarm da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a Nuwamba 2013, da kuma daga tashoshin awo na ƙasa fiye da 100 da ke musayar bayanai ƙarƙashin haɗakar INTERMAGNET. Daga nan sai a taƙaita dukkan awon cikin jerin lambobi ta hanyar lissafin da Carl Friedrich Gauss ya fara amfani da shi a kan maganaɗisun duniya a ƙarshen shekarun 1830. Tsarin WMM yana da lambobi 168 da ke bayyana yanayin maganaɗisu a ranar farko ta zangonsa, da wasu 168 da ke bayyana yadda ake sa ran kowace za ta riƙa sauyawa a shekara. Idan mutum ya nemi karkatar wani wuri a tsakiyar 2028, na'urar tana ɗaukar yanayin farkon 2025 ne ta miƙa shi gaba da shekara uku da rabi bisa zaton cewa saurin sauyin bai canja ba. Amsar, a taƙaice, hasashe ce, kuma tana ƙara nisa da gaskiya yayin da zangon ke tsufa.

Zaton ya taɓa karyewa. Bayan fitar da WMM2015, maganaɗisun duniya ya yi wani sauyi na bazata, cibiyar arewa kuma ta ci gaba da gudu, har kuskuren tsarin a yankin Aktik ya kusa wuce iyakar da aka amince da ita. Dole aka fitar da gyara kafin wa'adi, wanda aka sanar a Fabrairu 2019 bayan jinkirin da rufe ma'aikatun gwamnatin Amurka na lokacin ya jawo.

## WMM ko IGRF

Na'urorin lissafi kan ba da zaɓi tsakanin tsari biyu, kuma bambancinsu na manufa ne fiye da na inganci. WMM an yi shi ne domin tuƙi. Ma'aikatun tsaron Amurka da Birtaniya ne ke ɗaukar nauyinsa, ƙungiyar NATO da hukumar taswirar teku ta duniya suna aiki da shi, kuma shi ne ke cikin yawancin wayoyin hannu. Yana aiki na shekara biyar kawai. Na yanzu zai ƙare a ƙarshen 2029. IGRF kuwa ƙungiyar masana maganaɗisun ƙasa ta duniya, IAGA, ce ke haɗa shi daga shawarwarin cibiyoyin bincike da dama. Fitowarsa ta 14 ta zo a ƙarshen 2024, kuma ta ƙunshi shekarun 1900 zuwa 2030.

Ga wanda ke neman karkatar yau, tsarin biyu suna ba da amsa kusan ɗaya, bambancinsu ƙanƙane ne da kamfas na hannu ba zai iya gani ba. Ga wanda ke neman ta shekarun baya, IGRF ne ya dace, kuma yana da wata fa'ida: bayan zango ya wuce, ana komawa a gyara lambobinsa da awon da aka yi a zahiri, don haka adadinsa na 2010 ya daina zama hasashe. Idan ana bukatar abin da ya gabaci 1900, akwai tsarin gufm1 da aka wallafa a 2000, wanda aka gina bisa awon da matuƙan jiragen ruwa suka rubuta a kundin tafiyarsu, ya kuma koma baya har zuwa 1590. Ingancinsa ya fi kyau a hanyoyin teku da jirage suka yawaita bi, ya ragu a tsakiyar nahiyoyi.

Tare da WMM2025 an fitar da wani tsari mai zurfin bayani, WMMHR2025, wanda ke iya bambance siffofin maganaɗisu masu faɗin kimanin kilomita 300, maimakon kimanin kilomita 3,300 na tsarin da aka saba. Ya fi kusa da abin da ke ƙasa, amma kilomita 300 ɗin ma faɗi ne babba idan aka kwatanta da dutse guda ko unguwa guda.

## Hanya ta biyu: abin da taswira ta rubuta

Taswirar safiyo takan ɗauki ƙaramin zane a gefe mai kibau biyu ko uku da ke nuna arewa ta ainihi, arewar layuka da arewar kamfas. Taswirar teku tana da da'irar kamfas da aka rubuta adadin a cikinta, taswirar jiragen sama kuma tana da layukan da ke haɗa wuraren da karkatarsu ta zo ɗaya, salon da Edmond Halley ya fara a taswirarsa ta tekun Atlantika ta 1701. A kowane hali adadin na shekarar da aka rubuta ne, kuma aikin mai karatu ne ya kawo shi yau.

A ɗauka, domin misali, taswira ta ce karkata digiri 4 da minti 15 yamma a 2015, sauyin shekara minti 8 gabas. A 2025 shekara 10 sun wuce, sauyin ya taru ya zama minti 80, wato digiri 1 da minti 20 zuwa gabas. Tun da sauyin yana tafiya ne akasin karkatar, sai a rage, a samu digiri 2 da minti 55 yamma. Wannan lissafi yana da amfani na 'yan shekaru. Idan taswirar ta kai shekara 20 ko 30, shi kansa saurin sauyin ya riga ya canja, wani lokaci ma ya juya, kuma ninka tsohon adadi da shekaru masu yawa na iya ba da amsar da ta fi rashin gyaran muni. A irin wannan hali gara a ɗauki latitud da lonjitud daga taswirar a nemi adadin daga tsarin lissafi na yanzu. Kusurwar da ke cikin ƙaramin zanen ma ba a cika zana ta daidai gwargwado ba, don haka lambar da aka rubuta ake bi, ba a auna kibau da ma'aunin kusurwa.

## Hanya ta uku: awo a wurin

Wanda ke son sanin abin da allura ke yi a daidai inda yake tsaye, sai ya samo arewa ta ainihi ta wata hanyar da ba ta dogara da maganaɗisu ba, ya kwatanta da abin da kamfas ya nuna. A arewacin ikwaita tauraron Polaris yana tsakanin digiri ɗaya daga arewa ta ainihi. Da rana, inuwar sanda miƙaƙƙiya a lokacin da ta fi gajarta tana kwance ne a kan layin arewa da kudu, sai dai a yankunan da rana kan zo tsakar ka inuwar kan yi gajarta da wuyar karantawa a wasu watanni. Wata dabarar kuma ita ce a zaɓi wurare biyu masu nisa da juna da aka san latitud da lonjitud ɗinsu, a lissafa fuskar da ɗaya yake daga ɗayan, sannan a duba da kamfas. Bambancin shi ne karkatar. Kamfas na hannu ba ya wuce ingancin digiri ɗaya ko biyu, don haka wannan awo ya fi amfani wajen gano babban saɓani da lissafi. Tashoshin awo suna amfani da na'urar safiyo marar ƙarfe da aka ɗora wa ma'aunin maganaɗisu, wadda ke kaiwa ga ƙaramin kaso na minti.

## Abin da lissafi ba ya gani

A yawancin duniya amsar WMM tana tsakanin rabin digiri daga gaskiya, amma akwai abubuwa da ba ta ƙunsa ba. Na farko duwatsun ɓawon ƙasa ne. Inda akwai tama mai yawa ko duwatsun aman wuta, allura na iya kaucewa da digiri da yawa a cikin ɗan taƙi. Yankin Kursk na Rasha da Kiruna na Suwidin sun shahara da wannan, amma ƙananan irinsu suna warwatse a ko'ina, kuma babu tsarin duniya da ya san da su.

Na biyu daga sama yake. Hasken rana yana motsa lantarki a saman sararin samaniya, wanda ke sa allura ta yi ɗan lilo kowace rana, yawanci ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na digiri. George Graham, maƙerin agogo a Landan, ya lura da wannan tun 1722. Idan guguwar rana ta taso, kamar wadda aka yi a 10 da 11 ga Mayu 2024, lilon na iya kaiwa digiri da dama a ƙasashen da ke kusa da ƙuryoyin duniya na tsawon sa'o'i. Saboda haka "lokaci" a wannan batu yana da ma'ana biyu: shekara, wadda tsarin lissafi ke kula da ita, da sa'a, wadda sai bayanan tashar awo mafi kusa ne za su faɗa.

Na uku shi ne ƙarfen da ke kusa da kamfas ɗin: jikin mota ko jirgi, rodin gini, wayar lantarki, lasifika, har da maganaɗisun da ke jikin rigar waya. Matuƙan jiragen ruwa suna ware wannan a matsayin kuskure na daban, suna da jadawalinsa ga kowane jirgi, domin yana sauyawa da fuskar da jirgin ya dosa. Ba ya cikin karkatar wuri, kuma gyara ɗaya ba ya gyara ɗayan.

Kusa da cibiyoyin maganaɗisu kuwa matsalar ta wuce gyara. A can ƙarfin yana nutsawa ƙasa ne kusan a tsaye, ɓangaren da ke juya allura a kwance ya yi rauni. Masu WMM sun ware yankin da wannan ɓangare ya gaza nanotesla 2,000 (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) a matsayin inda ba a dogara da kamfas sam, tsakanin 2,000 da 6,000 kuma yankin taka-tsantsan.

## Ƙari ko ragi

Samun adadin rabin aiki ne, domin a wurin amfani da shi aka fi yin ɓarna. Ƙa'idar guda ce: fuskar ainihi daidai take da fuskar kamfas a tara da karkata, gabas da alamar ƙari, yamma da alamar ragi. Wanda ya auna a taswira cewa inda zai je yana digiri 90 daga arewa ta ainihi, a wurin da karkata take digiri 12 yamma, zai saita kamfas a 102. Da karkatar gabas ce, zai saita a 78. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce da matafiyi kimanin mita 17 a kowace kilomita, abin da ba ya da yawa a gajeriyar tafiya. Wanda ya yi watsi da digiri 12 zai kauce fiye da mita 200 a kilomita, wanda kuma ya tara inda ya kamata ya rage ya ninka kuskuren, ya kauce fiye da mita 400. Wasu kamfas suna da ɗan sukurun da ake saita karkatar sau ɗaya, kuma haɗarinsu shi ne a manta da saitin a tafi da su wata ƙasa, ko a sake yin gyaran a ka bayan na'urar ta riga ta yi.

## Muhawarar jiragen sama

Lambar da ake rubutawa a bakin titin saukar jirgi fuskar titin ce bisa arewar kamfas, an kai ta goma mafi kusa an cire sifirin ƙarshe. Titin da ke fuskantar digiri 184 lambarsa 18, idan karkata ta motsa ya koma 186 sai ya zama 19. Filin jirgin Fairbanks a Alaska ya sauya lambobinsa a 2009, Stansted na Ingila ma a shekarar, Tampa ta Florida a Janairu 2011. Kowane sauyi yana jawo sabon fenti, sabbin alluna, sabbin taswirori da sabunta bayanan kwamfutocin jirage.

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Kanada, Nav Canada, tana cikin masu neman a koma arewa ta ainihi gaba ɗaya, kuma batun yana gaban hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Hujjarsu ita ce manyan jiragen zamani da arewa ta ainihi suke lissafi a cikin na'urorinsu, sai daga baya su mayar da shi na kamfas ta amfani da jadawalin karkata da ke iya tsufa, kuma idan jadawalin jirgi da na filin sauka ba na shekara ɗaya ba ne, saɓani kan shiga. Sun kuma nuna cewa arewacin Kanada ya daɗe yana aiki da arewa ta ainihi, manyan jiragen ruwa ma haka. Masu ɗari-ɗari ba su musanta wannan ba. Damuwarsu ita ce dubban ƙananan jirage da tsofaffi da har yanzu kamfas ne madogararsu, kuɗin sauya na'urori da horar da matuƙa, da haɗarin lokacin sauyin kansa idan wasu ƙasashe suka koma wasu ba su koma ba. Suna kuma tunatar da cewa kamfas ba ya bukatar lantarki ko tauraron ɗan'adam, a daidai lokacin da toshe siginar GPS ke ƙaruwa a yankunan rikici. Ɓangarorin biyu sun fi saɓawa a kan lokaci da tsari fiye da a kan inda za a ƙare.

## Wanda abin ya shafa a ƙasa

Safiyon da ke bin tsohuwar takardar fili da aka rubuta iyakokinta da fuskar kamfas yana bukatar adadi biyu, na shekarar da aka yi awon farko da na yau, kuma bambancin digiri 2 a kan iyaka mai tsawon mita 500 ya kai mita 17, wanda ya isa ya haddasa shari'a tsakanin maƙwabta. Masu haƙar rijiyoyin mai da ke lanƙwasawa a ƙarƙashin ƙasa, inda siginar tauraron ɗan'adam ba ta kaiwa, da maganaɗisu suke tuƙa bakin na'urar haƙa. Rabin digiri ya yi musu yawa, don haka suna sayen tsarin da ake sabuntawa duk shekara, su haɗa da awon yankin da na tashar da ke kusa. Mai kafa farantin sola ba zai yi asarar kirki ba saboda digiri 2 ko 3, amma a inda karkata ta kai 20 ya kamata ya gyara. Mai saita farantin tauraron ɗan'adam ya duba ko fuskar da aka ba shi ta ainihi ce ko ta kamfas.

Ga mai wayar hannu, GPS yana faɗin inda yake ne, ba ya faɗin inda ya fuskanta idan yana tsaye. Wannan aikin ƙaramin ma'aunin maganaɗisu ne da ke cikin wayar, wanda manhaja ke gyara karatunsa da WMM kafin ta juya kibiyar taswira. Manhajojin kamfas da dama suna da wurin zaɓar arewa ta ainihi ko ta kamfas, kuma ba duka ne ke zuwa a saiti ɗaya ba. Wayar da ke samun sabuntawa takan karɓi sababbin lambobin ba tare da mai ita ya sani ba. Tsofaffin na'urorin GPS na hannu, jirage marasa matuƙi da na'urorin kwale-kwale da aka daina sabunta manhajarsu suna ci gaba da miƙa lissafin 2015 ko 2020 zuwa shekarun da ba a yi shi dominsu ba, kuma hanyar gane hakan ita ce a kwatanta karkatar da na'urar ke nunawa da wadda na'urar lissafin NOAA ko BGS ta bayar ga wuri ɗaya a rana ɗaya.